Wolbachia ta cinye min aikin kusan shekara guda

Har yau in aka ambaci Wolbachia, wata bakteriya da ke zama a jikin ƙwari, sai raina ya sosu. Da wani ɗan ƙuda, Drosophila simulans, nake aiki, 'yar uwar ƙudan nan melanogaster da masanin kimiyyar gado Morgan ya samu mai farin ido a cikinsu a 1910. Layi biyu gare ni, wato zuriya biyu ta ƙudan, in na haɗa mazan na farko da matan na biyu sai ƙwai su ƙi ƙyanƙyashewa, kusan duka. Ni kuwa murna kamar me, a zatona na kama jinsin ƙuda ɗaya yana rabewa zuwa jinsi biyu a gaban idona, har na fara rubuta takarda saboda ƙarin girma na tafe, kun dai san jami'a, ba takarda ba matsayi.

Wata ɗalibata ce a firaktikal ta ce, "Malam, ai in aka juya haɗin lafiya lau suke ƙyanƙyashewa." Shi ke nan fa. Muka yi PCR, wato gwajin gano DNA, sai ga Wolbachia zaune a layin farko, na biyu babu. Ta cikin ƙwan uwa take bi, kuma in namiji mai ita ya hau macen da ba ta da ita ƙwan mutuwa yake, amma in macen na ɗauke da ita ba komai. Muka zuba tetracycline, maganin kashe bakteriya, a abincinsu tsara biyu, rabuwar jinsin tawa ta ɓace ɓat. Abin haushin, masu bincike su Hoffmann da Turelli sun bayyana wannan tun 1986 a ƙudajen Kalifoniya, a wannan jinsin dai, kuma wanda ya turo min layin ko a takardar kwalba bai rubuta ba.

To duk layin da ya shigo lab ɗinku, ko daga hannun wa ya fito, a gwada shi kafin haɗin farko, kuma a yi haɗi ta ɓangare biyu. Bayan magani kar a yi gaggawar auna komai, shi ma yana taɓa lafiyar ƙudan, a bar su su yi wasu tsararraki, tsara ɗaya ai wajen kwana 10 ce a digiri 25, ba wani jira ba ne in aka kwatanta da watannin da na ƙona.

Yanzu layukan nan biyu nake ba 'yan aji uku ba tare da na gaya musu komai ba. Yawancinsu rabuwar jinsi suke rubutowa.