Godiya ga zuriyar ƙauyenmu bayan taron Aboabo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, taron da muka yi wata 7 muna kai-kawo a kansa ya yiwu ranar Asabar a Aboabo, nan Kumasi. Sai da aka kira ni cewa motar ƙarshe ta wuce Mampong ta shiga Ejura lafiya, sannan hankalina ya kwanta na zauna rubuta wannan godiya.

Mafarin abin, a zaman makokin Baba ne bara wani ƙanena ya tambaye ni wa ya fara sare dajin da gonarmu take, can ƙauyenmu na bayan Ejura. Ban iya ba shi amsa ba, kuma wanda zai amsa shi ne muka binne. Abin ya tsaya mini a rai. Shi ne muka ce a tara tsofaffin da suka rage tun suna da ƙarfin magana.

Godiyata ta farko ga Goggo, yayar Baba, wadda ta jure wahalar hanya da ciwon ƙafarta. Mun miƙa mata takarda ta ce a ajiye. Ta runtse ido, ta fara daga bakin rafi tana bin gonaki ɗaya bayan ɗaya: wannan ta wane ce, tana iyaka da ta wane, ga tsamiya a tsakaninsu. A haka ta kawo gida 14, da Kanawa da Katsinawa da Zabarmawa da Mosawa da Dagombawa, kowa da matarsa da inda aka auro ta. Daga bakinta muka ji cewa kakanninmu fataken goro ne a Salaga, can arewacin Gana, yaƙin basasar 1892 ya watsa su. Wasu suka nufi Kete Krachi, wasu Yeji da Atebubu. Namu suka gangaro gaba, suka ajiye fatauci, suka je gaban mai ƙasa Ba'asante neman wurin noma. Aka ba su bisa abusa, wato amfanin gona kashi uku, ɗaya na mai ƙasa. Kunyar doya suka fara tadawa, masara daga baya ta zo ta mamaye.

Da ta iso 1969 sai muryarta ta canza. A watan Nuwamba ne gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Gida 5 suka ɗaure kaya, masararsu ta shuka ta biyu tana tsaye ba ta bushe ba. Goggo ta ce waɗanda suka rage, har da maƙwabta Asantawa, suka yi gayya suka karye masarar, suka sayar, aka ƙulle kuɗin kowane gida daban a tsumma. Gida biyu sun dawo sun karɓi nasu cif. Uku ba a sake jin ɗuriyarsu ba, sai ranar Asabar ɗin nan da jikan ɗaya daga cikinsu ya shigo ta WhatsApp daga Zariya, ya ji sunan kakansa a bakin tsohuwar da ta yi wasan ƙasa da mahaifiyarsa. Wallahi ni wannan kaɗai ya biya ni duk wahalar. Ɗan'uwa, mun gode, gida na nan yana jiranka.

Kawu, mun gode da labarin farin 1983 da gobarar dajin da ta cinye rumbuna. Na lura yaran da aka haifa a Kumasi sun yi tsit da ka faɗi yadda rogo ya riƙe gari.

Malamanmu da suka sauke Alƙur'ani ga magabata, Allah ya ƙara daraja. Iyayenmu mata da suka kwana kan murhu, koko da ƙosai da safe, tuwon zafi da shinkafa da wake da rana, Allah ya saka da Aljanna. Jikan mai ƙasa ya zo da ƙafarsa, ya yi gaisuwa da Twi, yaren Asantawa, ya rufe da Hausa. Mun ga girmamawa. Sai samarin da suka naɗi muryoyin tsofaffi a waya, da mai aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da ya kwaso kujeru ya ƙi karɓar ko sidi ɗaya.

Waɗanda suka tsaya a rana saboda rumfa ta yi kaɗan, ku yafe mana.

Saura roƙo guda. A gida na 14 Goggo ta tuna maigidan, amma sunan uwargidan ya kwanta mata, ita ce ungozomar da ta karɓi haihuwar yawancin iyayenmu. Abin ya dame ta har a mota tana ta nema. Duk wanda ya taɓa jin sunan a bakin tsohuwarsa, don Allah ya neme ni, mun bar mata gurbi a littafin da muke rubuta sunayen gidajen.