Abin da istaj ya koya min game da roba da zafi

Wata uku na yi ina istaj, wato koyon aiki, a wani ƙaramin asibiti nan Damagaram, kuma wallahi darasin da ya fi zauna min a kai daga bakin wata tsohuwar ungozoma na same shi.

A lakwal an koya mana sunayen sinadarai, BPA da ke cikin roba mai tauri irin ta tsofaffin bibaron jarirai, da fitalat da ake sa wa roba don ta yi laushi, duk suna dagula aikin homon, wato sinadaran da ke tsara girma da haihuwa a jiki, shi ya sa aka fi jin tsoronsu ga mai ciki da jariri. Tarayyar Turai ta hana BPA a bibaro tun 2011, Faransa kuma ta hana shi a duk mazubin abinci a 2015. Na haddace tsaf, sai na zo ina ce wa mata ku jefar da roba. Wata ta kalle ni ta ce "ƴata, in jefar da bido in zuba ruwa a ina?" Kuma gaskiyarta, wanda ya san wahalar ruwan garin nan ya san bido ba abin wasa ba ne.

Sai Inna ungozoma ta ja ni gefe ta ce ke dai yi musu maganar zafi kawai. Zafi da maiƙo su ke fiddo sinadarin ya shiga abinci, to mu kuma me muke yi, koko na tafasa a zuba a leda, tuwo daga tukunya a ƙulle a leda, bido ya wuni a rana watan Afrilu, ga masu hura gawayi da leda yara na zaune suna shaƙar hayaƙin, wannan ma ya fi ba ni haushi. Dokar hana leda kuwa akwai ta tun 2014, amma je kasuwar Dole ka gani.

Yanzu abin da nake faɗa kaɗan ne. Abu mai zafi a kwanon silba ko tasa, bido a inuwa ko a juye a randa, bibaron da ya tsage ya yi hazo a canza shi, in za a sayi roba a duba gindinta, lamba 2, 4 ko 5 sun fi 3 da 7. Gidanmu ma sai da na yi sati biyu ina fama da ƙanena kafin ya yarda ya riƙa tafiya da kofi wajen mai koko.