Tsohon Gidan da Na Je Dubawa a Ikoyi

Daga Ibadan na hau jirgin ƙasa, na sauka a tashar Mobolaji Johnson da ke Ebute Metta a Legas. Maigidana ne ya aike ni in dubo masa wani tsohon gida da aka gyara aka sa a kasuwa. Dillalin, wani dattijo Bazazzage da ya tsufa a Obalende, shi ya tarbe ni. Kafin mu kama hanya sai da ya ja ni harabar hukumar jiragen ƙasa, ya nuna mini Jaekel House, ginin 1898 da ƙungiyar Legacy mai adana kayan tarihi ta gyara a 2010 ya koma gidan tarihi.

"Ɗana, fara ganin wannan tukuna, idonka ya san abin da zai duba," in ji shi.

Cunkoson gada ya cinye mana hantsi, sai bayan azahar muka isa Ikoyi.

Gidan na zamanin Turawa ne, lokacin da unguwar take tasu. Baranda ta zagaye shi, rufin ya yi sama sosai, tagogin katako suna fuskantar juna. Duk zafin Legas mai danƙo, ina shiga falo na ji iska tana ratsa ni, alhali ba a kunna komai ba. Masu gyaran sun san aikinsu. Sun sake wayoyin lantarki da bututun ruwa, sun cire katakon da gara ta ci, amma ƙofofi da matakalar bene suna nan yadda maginan farko suka bar su. Na daɗe zaune a gindin mangwaron tsakar gida, ban so tashi ba.

Da dala ake faɗin kuɗinsa. Na tambayi takardu, Baba ya ce akwai shaidar mallaka, sai dai ciniki ba ya tabbata sai gwamna ya amince, kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada.

Abin da ya dame ni, ya ce yawancin masu tayawa ba sa ko hawa benen. Filin suke aunawa, su rushe su kafa dogon gini. Kuma ba abin mamaki ba ne a garin da aka rushe wani tsohon gini mai suna Ilojo Bar a 2016, duk da cewa tun 1956 yake cikin kayan tarihin ƙasa.

Da magariba na kira maigida, na fara ba shi labarin baranda da iska. Ya katse ni: "To, filin fa, fuloti nawa zai yi?"