Kafin na sayar wa mutum kwamfuta, sai na ji inda za ta zauna

Shagona yana cikin garin Garwa, kuma ba wani babba ba ne: teburin gyara biyu, kanta ɗaya, sai yara biyu da suke koyon aiki a hannuna. Muna sayar da kwamfutoci, akasarinsu na hannu waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama amfani da su, muna kuma gyara waɗanda suka samu matsala. Kayan sukan sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala, su biyo jirgin ƙasa zuwa Ngaundare inda layin dogo ya ƙare, sannan a ɗoro su a mota zuwa nan, wasu kuma sukan shigo ta hannun abokan cinikinmu na Najeriya. Tambayar da na fi sha a bakin masu saye ita ce, wace ce ta fi, ta tafi-da-gidanka, wato laftof, ko ta tebur? Ni kuwa ba na amsa ta sai na ji abu biyu daga bakin mai tambayar: a ina za ta zauna, kuma wace irin wuta za ta sha.

Wannan ɗabi'a kuskure ne ya koya mini ita. A farkon buɗe shagon, wani malamin makaranta da aka tura aiki wani ƙauye ya zo da kuɗin da ya daɗe yana tarawa, ni kuma na ga cewa da wannan kuɗin zai samu ta tebur mai ƙarfi fiye da laftof ɗin da kuɗin zai iya saye, sai na ba shi shawarar ya ɗauke ta. Ban tambaye shi komai game da wuta ba. Bayan mako uku ya dawo da ita a ɗaure bayan babur, an naɗe ta da bargo, ya ce mini, "Malam, a garin namu ƙaramar sola ce kawai gare ni, da na kunna ta sai inbata ta yi ƙara ta ɗauke." Laifina ne, domin ta tebur haɗe da allonta takan ja wat 100 ko fiye, alhali cajar laftof ta ofis yawanci wat 45 ce ko 65. Na karɓi kayana na musanya masa, na yi asarar ribar, kuma na ji nauyin wahalar da na sa shi ta ɗauko ta a kan wannan hanya.

Wanda bai zauna a arewacin Kamaru ba zai ga kamar na cika damuwa da batun wuta. Wani babban kaso na lantarkin yankin nan daga madatsar ruwa ta Lagdo yake fitowa, wadda aka kammala a 1982 a kan kogin Binuwai, kuma idan ruwa ya ja baya a ƙarshen rani sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Laftof tana da batirinta a ciki, saboda haka idan an ɗauke wuta aikin da mutum yake yi ba ya salwanta. Ta tebur kuwa nan take take mutuwa, duk abin da ba a adana ba ya tafi, kuma yawan mutuwar ba-zata yana iya lalata bayanan da ke kan faifan ajiyarta. Shi ya sa ba na yarda in sayar da ta tebur ba tare da na yi wa mai saye bayanin na'urar riƙe wuta ba, wadda a nan muka fi sani da sunanta na Faransanci, ondular. Mintuna kaɗan take riƙewa, iyakar abin da zai isa a adana aiki a kashe na'ura cikin natsuwa. Wanda zai lissafa kuɗin ta tebur, to ya haɗa da na ondular da na batirinta da za a riƙa canzawa, in ba haka ba lissafinsa bai cika ba.

Duk da haka, ga kwamfutar da za ta zauna wuri ɗaya tana aiki daga safe har yamma, kamar a shagon buga takardu da fotokofi, ko kantin magani, ko ofishin makaranta, ta tebur nake zaɓa wa mutum, kuma dalilina na mai gyara ne. Idan na buɗe akwatinta, kowane sashe yana zaman kansa. Idan wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona akwatin da ke rarraba lantarki a ciki, sau da yawa shi kaɗai za a cire a sa wani, aiki ya ci gaba a ranar. Idan shayi ya zube a kan kibod, sai a sayi wani da kuɗi kaɗan. A laftof kuwa kibod ɗin a saman babban allon na'urar yake, ruwan da ya ratsa shi kai tsaye can yake sauka, kuma furosesa, wato sashen da ke yin lissafi, yawanci a narke take a jikin wannan allon, ba ta ciruwa. Wasu sababbin ma har ram ɗinsu, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, a manne yake, ba a iya ƙara shi. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, wato ita ta tebur ba ta shiga jaka, don haka ba a aronta a tafi da ita gida, ɓarawo ma sai ya yi shiri kafin ya ɗauke ta.

Zafi da ƙura su ne abokan gabarmu na kullum. A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa yakan haura digiri 40, kuma kafin nan hunturu ya riga ya cika kowace kafa da ƙura. Kwanan baya wata Hajiya mai sayar da atamfofi ta kawo laftof ɗinta tana cewa tana kashe kanta da kanta bayan rabin awa. Da na kwance murfin ƙasa, na ɗaga fanka, sai na tarar ƙura da zaren tufafi sun dunƙule a bakin ƙarfen da ke fitar da zafi, sun yi kauri kamar guntun bargo, har na zare su da hantsaki a haɗe ba su warwatse ba. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe ya zama kamar busasshen tuwo. Na share, na sa sabon mai, na kunna, fankar da take kuka kamar injin markaɗe ta koma shiru. Na ce mata, "Hajiya, don Allah a daina ɗora ta a kan katifa ko darduma, domin ta ƙasa take shaƙar iska." Ta tebur ma tana shan ƙura, har fiye, amma cikinta da faɗi, fankokinta manya ne, kuma yaro mai koyo ma yana iya busa ta cikin mintuna goma.

Game da abin da ke cikin na'urar, ga yadda nake yi wa masu saye bayani. Furosesa ita ce mai yin lissafin. Ram shi ne wurin da take baza abin da take aiki a kansa a wannan lokacin, kamar tabarmar mai awo, kuma da an kashe wuta ake naɗe shi babu komai a kai. Faifai kuwa shi ne rumbu, inda takardu da hotuna suke kwana. Mutum yana iya samun furosesa mai kyau amma na'urarsa ta riƙa jan ƙafa saboda ram ɗin giga 4 ne kawai, alhali yana buɗe shafukan intanet goma tare da Word da Excel. A yau ba na ba kowa shawarar ƙasa da giga 8. Sannan a sani cewa ram iri-iri ne, DDR3 ba ya shiga ramin DDR4, don haka kada a sayo a kasuwa ba tare da an duba wanda na'urar take ɗauka ba.

Inda aka fi yaudarar mutane shi ne ɗan tambarin nan da ake mannawa kusa da kibod, mai nuna irin furosesar da ke ciki. Wani Alhaji mai harkar albasa ya zo da ɗansa, yaron ya kafe a kan sai mai i7, domin a ganinsa bakwai ta fi biyar. Na ajiye musu guda biyu a kan kanta, na buɗe bayanin kowace. Ɗaya i7-3520M ce, ɗayar i5-8250U. Na nuna musu cewa a waɗannan biyun lambar farko bayan ɗan layin ita ce take faɗin zubin da aka yi furosesar: ta farkon zubi na uku ce, na shekarar 2012, mai ƙwaƙwalwa biyu, ta biyun kuwa zubi na takwas ce, na 2017, mai ƙwaƙwalwa huɗu, ga ƙarancin shan batir. Na ƙara da cewa kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a ƙa'idarta daga zubi na takwas na Intel take farawa, in ban da 'yan kaɗan. Alhaji ya dubi ɗansa ya ce, "To ka ji, tsohon doki ne aka yi wa sabon sirdi." Suka ɗauki i5.

Faifan ma iri biyu ne, kuma bambancinsu ya fi komai fitowa fili. Tsohon yana da faranti a ciki da yake juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, da allura mai karantawa, shi ya sa jijjigar babur ko faɗuwa ɗaya take iya kashe shi. Sabon kuwa, wanda ake kira SSD, ba shi da abin da yake motsi. Na sha karɓar tsohuwar Dell ko HP da mai ita ya fid da rai da ita, in cire tsohon faifai in sa SSD, ta riƙa tashi cikin daƙiƙu kaɗan. A ganina babu gyaran da kuɗinsa yake fita kamar wannan, kuma sau da yawa nakan hana mutum sayen sabuwa saboda shi, ko da yake cinikin sabuwar ya fi mini riba.

Ɗalibai kam ba na ɓata musu lokaci. Tun da aka kafa Jami'ar Garwa a 2022 suka ƙaru a shagon, ga kuma masu karatu a Marwa da Ngaundare da suke dawowa hutu. Mai yawo tsakanin aji da ɗaki laftof ce tasa. Abin da nake nace musu shi ne su zaɓi irin waɗanda aka ƙera don ofis, kamar ThinkPad ko Latitude ko EliteBook, domin jikinsu ya fi ƙwari kuma kayan gyaransu sun fi samuwa. Su kuma duba kibod: mai karatu da Faransanci zai fi jin daɗin jerin haruffa irin na AZERTY saboda haruffa masu alama a ka, waɗanda suka biyo ta Najeriya kuwa yawanci QWERTY ne. Ana iya sauya tsarin a cikin Windows, amma rubutun da ke kan maɓallan ba zai sauya ba.

Batir shi ne abin da ba na yi wa kowa alkawari a kansa da baki, domin na'urar hannu ta riga ta yi shekaru tana caji, kuma zafin garin nan yana ƙara cinye shi. Abin da nake yi shi ne in cika ta, in zare caja a gaban mai saye, in kunna bidiyo, in ba shi kujera ya zauna. Yaro ya kawo masa ruwan sanyi, mu ci gaba da hira muna duban yadda lambar take sauka. Idan ta yi awa guda ba ta sauka zuwa rabi ba, sai in rubuta abin da muka gani tare a bayan rasit, da kwanan wata, in sa hannu, shi ma ya sa nasa.