Farin Yadin da Na Zaɓa wa Bargon Ƙyallaye

Duk mai ɗinki a Kano tana da buhun ƙyallaye a lungun bayan keke. Bayan ɗinkin ƙaramar Sallah da babba, ga ankon biki da na suna, abin da almakashi ya bari yakan taru har ya gagari ɗauri. Ragowar da ta isa ɗankwali ko rigar jariri ina mayar wa mai ita, don haƙƙinta ne. Ƙananan nake riƙewa, kuma da sanin masu kayan. Wasu matan cusa su suke yi a matashin kai, wasu su bai wa makanikai su goge hannu. Ni dai zuciyata ba ta yarda da haka, domin a cikin buhun nan akwai Holan da Sufa da aka saya da kuɗi masu ciwo, kuma yadi mai kyau sunansa yadi mai kyau ko da bai wuce tafin hannu ba. Shi ya sa na ƙudura zan haɗa su in ɗinka bargo mai hawa uku: fuskar ƙyallaye a sama, abin ɗumi a tsakiya, shafi a ƙasa.

Da na baza ƙyallayen a kan tabarma, kowanne jikin ɗan'uwansa, sai ido ya rasa inda zai sauka. Atamfarmu ba ta da kunya wajen launi. Manyan furanni, ƙwayar ido, ganye, tsuntsu, duk a wuri guda, kamar gidan biki da kowace mace ke magana a lokaci ɗaya. Sai da na zura farin ƙyalle tsakanin guda biyu sannan na ga kowacce ta fito da kyanta. Nan na tsayar da tsari: gida-gida, ɗaya atamfa ɗaya fari. Ina yanka kowane gida inci 4 da rabi, ɗinki ya cinye kwatar inci a kowane gefe, ya rage inci 4 cif. Gida 20 a tsaye, 20 a kwance, ya ba da inci 80, wanda zai rufe katifa mai ƙafa 6 da 6 har ya ɗan zubo. Gidaje 400 ke nan, 200 daga ciki farare. Rabin fuskar bargon fari ne, kuma shi kaɗai ne abin da zan saya da kuɗina, don haka na ba shi lokacin da ban bai wa komai ba a aikin.

Hotunan irin wannan bargo da ake gani a intanet yawanci daga Amurka suke. Can suna da yadin auduga da ake saƙawa musamman don wannan sana'a, furanninsa ƙanana, kuma suna son fari sol a tsakani. Yana da kyau a hoto ƙwarai. Amma ƙyallayensu ba irin namu ba ne, kuma ɗakunansu ba su san hazon hunturu ba.

Na tafi Kantin Kwari da ƙyallaye kamar goma sha a jaka, na tsamo su daga launukan da suka fi yawa a buhun. Da na ce wa mai shagon farin yadi nake so mai yawa, marar ado, sai ya sauke murya, ya miƙa hannu wajen alawayyo, ya ce, "Hajiya, lafiya dai ko?" Na ce, "Lafiya ƙalau, Alhaji, ba rasuwa aka yi ba. Bargo zan ɗinka." Ya ce, "Alhamdu lillahi. To ai fari iri-iri ne, wanne kike so?" Ya sa yaronsa ya yi ta sauko da bandir-bandir yana jerawa a kan benci.

A cikin shagon, ƙarƙashin farin ƙwan lantarki, kusan duk ɗaya na gan su. Sai na roƙi a fito mini da su bakin layi inda rana ke sauka. A nan suka rabu gida uku. Akwai fari sol mai ɗaukar ido, wanda in ka ƙura masa ido za ka ga yana ɗan karkata zuwa shuɗi. Wannan hasken ba daga audugar yake ba, wani sinadari ne masaƙa ke sa wa yadi, wanda ke sa shi ƙyalli a hasken rana, aikin da bula ke ƙoƙarin yi wa fararen kaya a gida. Akwai mai ruwan madara, fari ne amma a kwance, ba ya tsone ido. Sannan akwai wanda ba a wanke audugarsa da sinadari ba, wanda tsofaffi ke kira akoko, mai duhu-duhu da ɗigon ɓawon irin auduga a jikinsa.

Na ɗora ƙyallayena a kan kowanne. A kan fari sol, shuɗi da kore da ruwan hoda da baƙi sun yi tsalle sun fito, abin sha'awa. Amma ruwan goro da makuba da ruwan ƙasa da ɗorawa sai suka yi kamar sun sha jiki, alhali sababbi ne. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne farin da ke cikin zanen atamfar ita kanta. Da wuya ka samu atamfar da farinta ya kai fari sol, yawanci akwai ɗan dishi-dishin rini da tsagogin kakin da aka yi aikin da shi. In ka ajiye ta kusa da yadin da ya fi ta haske, sai farinta ya koma kamar datti. A kan mai ruwan madara kuwa wannan farin ya saje, launuka masu ɗumi suka zauna daram. Buhuna kuma ruwan goro da makuba suka fi yawa a ciki, domin su aka fi yayi a shekarun da na tara shi. Akokon ya yi wa ƙyallayen duhu, ya kashe ruwan hoda gaba ɗaya.

Mai shagon ya so in ɗauki farar shadda, yana cewa ai ta fi daraja kuma ta fi ƙarko. Gaskiyarsa ce a kan ƙarko. Sai dai shadda tana da nata zanen a saƙe, tana kuma sheƙi, ga shi abin da nake nema shi ne wurin da ido zai huta. Ta kuma fi atamfa tauri, in ka haɗa su baki da baki ɗayar takan ja ɗayar, allura ma tana barin huda a jikinta in aka farke ɗinki. Boyal kuma ya yi shara-shara. Na ce masa, "Alhaji, wanda nauyinsa ya zo ɗaya da na atamfa nake so, auduga zalla, ba roba." Ya rantse mini da cewa duk auduga ne. Ban yi masa musu ba, na dai sayi rabin yadi na waɗanda suka kwanta mini, na ce zan dawo in Allah ya so.

A gida na zare ɗan zare daga bakin kowanne na kusanta shi da ashana. Auduga tana ci da wuta da warin takarda, ta bar toka mai laushi da ke murƙushewa a yatsa. Mai roba kuwa narkewa yake yi, ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo mai tauri. Ɗaya daga cikin fararen ya dunƙule a gefe guda ya yi toka a gefe guda, wato gauraye ne. Ba zan ce yadin roba ba shi da amfani ba, amma a bargo ba na son sa. Ba ya karɓar zafin gugar da atamfa ke buƙata, ba ya tsukewa tare da ita a wanki, kuma in an rufa da shi zufa yake tarawa.

Bayan wuta sai ruwa. Na auna kowane yanki da tef na rubuta, na wanke da sabulu, na shanya, na goge, na sake aunawa. Auduga takan tsuke kashi 3 zuwa 5 cikin 100 a wankin farko, akoko ma ya fi haka. A inci 4 ba za a ga komai ba, amma a tsawon inci 80 ana maganar kusan inci 2 da rabi zuwa 4 ne, kuma in farin ya tsuke atamfar ba ta tsuke daidai da shi ba, fuskar bargon tattarewa za ta yi. Wankin ya kuma tona asirin sitaci. Wani yadin da na ji shi da kauri a kasuwa, da ruwa ya ɗauke sitacin sai ya saki jiki, na sa hannu a ƙarƙashinsa ina hango lallen yatsuna. Irin wannan, duk rarar ɗinkin da ke bayansa za ta riƙa leƙowa ta gaba, kowane farin gida ya samu baƙin layi a gefensa. Mai ruwan madarar da na zaɓa, na shimfiɗa shi a kan ƙyallen makuba mafi duhu a buhun, inuwa kawai nake gani, ba zane ba.

Dalilin da ya fi nauyi a wurina ba a kasuwa na same shi ba, a kan igiyar shanya yake. Farar shaddar maigida in ta yi dauɗa an san maganinta: a jiƙa ta, a sa mata bilic, a ɗauraye da bula, a kai wa mai guga. Farin da aka ɗinke shi da atamfa ta kowane gefe ya rasa wannan gatan har abada, domin ɗigon bilic ɗaya zai cinye launin maƙwabcinsa. Ruwa da sabulu kaɗai zai gani. Kuma yaushe ake fito da bargo a Kano? Daga Disamba zuwa Fabrairu, daidai lokacin da ƙura ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa ko an rufe taga, ka share ɗaki da safe ka rubuta sunanka a kan madubi da yamma. Ga ruwan rijiya da na 'yan garuwa, wanda ba kullum yake zuwa garau ba. Fari sol a wannan hali ba ya daɗewa yana fari sol, kuma ba ya dusashewa bai ɗaya, wajen kai da inda hannu ke kamawa su suke fara sauyawa, sai bambancin ya fito fili. Mai ruwan madara tun asali yana kusa da launin da ƙurarmu za ta kai shi, don haka tsufansa ba ya nunawa da wuri.

Gwaggona ta zo ta tarar da ni na shimfiɗa farin a kan gado ina gwada faɗin da zan bar wa gefe. Ta tsaya ta dube shi, ta ce, "'Yar nan, kada ki bar farin nan da faɗi haka a kan gadon mutum. Zuciya ba ta so." Na gane abin da take nufi ba tare da ta ambaci likkafani ba, kuma na ga gaskiyarta. A garin da ake ganin farin yadi marar ɗinki a ranar jana'iza, ba kowa ne zai ji daɗin lulluɓa da shi ba. Sai na fasa farin gefe, na fasa farin shafi. Farin ya tsaya a ƙananan gidajensa, gefen kuma na zagaye shi da shuɗin yadi na marinar Ƙofar Mata, wadda ake ƙidaya kafuwarta tun 1498, inda har yau ake rini da baba da toka a cikin rijiyoyi.

Rinin baba yana sakin launi a farkonsa, kuma ba shi kaɗai ba, jar atamfa mai araha ma gwanar zuba ce. Na yi ta wanke shuɗin shi kaɗai har ruwan ya daina canzawa. Ƙyallayen da nake shakka kuma na yi musu gwaji guda: in jiƙa guntun farin, in ɗora a kai, in danna da dutsen guga mai zafi. Wanda ya bar tabo ya koma wanki, wanda ya sake bari bayan wanki ya tafi matashin kai. Ana cewa gishiri yana kama launi. Ni ban ga ya tsayar da jan da ya yi niyyar zuba ba.

Da na koma Kwari na sayi farin duka a tashi ɗaya, daga bandir ɗaya. Ko sunan yadi ɗaya ne, ko masaƙa ɗaya ce, bandir biyu sukan bambanta kaɗan, kuma bambancin da ba a gani a shago yana fitowa sarai in an jera su a gado. Lissafin ba wuya. Yadi mai faɗin inci 44, bayan wanki da cire baki, kowane tsiri na inci 4 da rabi yana ba da gida 9. Gida 200 na buƙatar tsiri 23, wato yadi 3 ba kaɗan. Na sayi 4 saboda tsukewa da karkacewar yanka.

Wajen ɗinki fari yana da nasa tarbiyyar. Duk rarar ɗinki ina kwantar da ita da guga ta ɓangaren atamfa, ba ta ɓangaren fari ba. Zaren da na sa a keke mai ruwan madara ne, sama da ƙasa. In na zuba wa keke mai, sai na fara bin tsumma da shi har allura ta daina fitar da maiƙo. Ranar da babu wuta na koma dutsen gawayi, sai na shimfiɗa tsohon ɗankwali mai tsabta a kan aikin, don tartsatsi ɗaya ya isa ya huda gida. Kafin in rufe hawa ukun na juya fuskar ta baya, na zauna da ƙaramin almakashi ina tsince zaruruwan atamfa da suka zare suka kwanta a bayan fararen gidaje, domin jan zare ɗaya in aka rufe da shi ana ganinsa ta gaba, kuma ba hanyar ciro shi. Abin ɗumin tsakiya ma fari na nema. Da farko na ɗauko wani tsohon bargo mai ruwan toka na gwada a ƙarƙashi, nan take fararen gidajen suka yi duhu, na mayar da shi.

Bargon ya yi hunturunsa na farko a kan gado, ya sha wanki, farin bai ɗauki launin kowa ba, gidajen kuma suna kwance lafiya. Ragowar farin, kusan rabin yadi, na kalmashe bakinsa na ajiye shi tare da bargon. Duk ranar da za a wanke bargon, tare nake jefa su a baho ɗaya kuma su sha rana ɗaya a igiya, don in wani gida ya yage nan gaba in samu abin faci da launinsa ya yi daidai da sauran.