Sifiri ɗaya da ya kai ni gaban likitan ƙwaƙwalwa

Sana'ata POS ce, a bakin kasuwar 'yan gwari ta Farin Gada da ke Jos. Wanda bai taɓa zama a irin rumfarmu ba zai ɗauka danna waya ce kawai. Lambar asusu guda goma ce, mai kabeji zai karanto maka ita yana ciniki da wani, ga mota tana sauke kwandunan tumatir a gabanka, ga 'yan dako suna ihun a ba su hanya. Ka ƙirga rafa, ka cire cajinka, ka duba alat, ka tuna wanda ya karɓi dubu biyar da safe ya ce zai kawo da azahar. Duk ranar da hankalina ya rabu biyu, daga aljihuna ake biya.

Abin ya faro ne lokacin ƙarancin kuɗi na farkon 2023, da aka canja takardun naira 200 da 500 da 1,000. Kusan wata biyu ina sammakon layin banki, in dawo kuma mutane su zage ni a kan caji. Kuɗi suka dawo gari, ni ban dawo daidai ba. Gabana ya riƙa faɗuwa babu dalili. In farka ƙarfe uku na dare, barci ya ce sai gobe. Abinci ya fita raina, ƙwallon da nake kallo ma ta daina burge ni. Hajiyarmu ta sa aka yi tofi. Abokai suka ce tunani ne ya yi min yawa, in rage, sai ka ce buhun dankali ne da za ka jingine a bakin hanya.

Mai kemis ɗin unguwarmu ne ya fara ba ni magani, ba takardar likita ba komai. Ƙwayar diazepam, wadda 'yan gari ke cewa baliyam. Daren farko na yi barcin da na manta rabona da irinsa, har na yi masa addu'a. Abin da bai faɗa min ba, ƙwayar nan tana daɗewa a jiki fiye da kwana guda, wanda ka sha jiya bai gama fita ba ka ɗora na yau. Sai na zama ina zaune a rumfa kamar an lulluɓe min kai da bargo. Don in wartsake sai in sa mai shayi ya haɗa min mai kauri da Nescafé, in bi da goro. Kafin la'asar zuciya ta fara dukan uku-uku, hannu na rawa, da dare kuma in nemi ƙwaya. Haka na yi ta zagaye kamar jakin rijiya.

Da na ga abin ba mai ƙarewa ba ne na je wani ƙaramin asibiti. Likitan ya saurare ni kamar minti biyar, ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta amitriptyline, miligiram 25 da dare, daga baya ya mayar 50. Ba zan yi wa maganin nan ƙarya ba. Tsohon magani ne, yana da arha, ana samunsa ko'ina, kuma bayan wasu makonni na ji nauyin da ke ƙirjina ya ragu. Amma bakina ya bushe kamar na yini da azumi a watan bazara, bayan gida ya zama aiki, in na miƙe da sauri sai jiri ya ɗebe ni. Safiya kuwa ba a magana. Sallar asuba ta koma ta hantsi. A azahar sai in tsaya ban san raka'a ta uku nake ba ko ta huɗu, kullum ina cikin ƙabli da ba'adi. Kuma ban faɗa wa likitan cewa ina haɗawa da ƙwayar mai kemis ba, shi ma bai tambaya ba.

Wata Talata wani Alhaji dilan dankali ya miƙo min 48,000 in tura wa manominsa a Bokkos. Na karɓa, na ƙirga sau biyu, na danna, na ba shi rasit. Ya yi taku uku ya juyo yana kallon takardar.

"Kai ɗan nan, lafiya kake kuwa? Nawa ka tura?"

480,000. Sifiri ɗaya na ƙara, kuma injin ya nuna min adadin ya tambaye ni, na danna masa eh da yatsana. Na ji ƙafafuna sun mutu. Allah ya sa manomin mai tsoron Allah ne, amma sai da aka kwana tara ana bin sa ta hannun dillalai kafin kuɗin su dawo, kwana taran nan rabin jarina yana hannun mutumin da ban taɓa gani ba.

A daren na tattara magungunan duka na watsa a shara. Wannan ne babban kuskurena, ya fi na sifirin. Kwana biyu zuwa uku sai ga tashin zuciya, zufa cikin sanyin Jos, munanan mafarkai, fargaba kamar za a zare min rai. Maiɗakina ta same ni a tsakar gida cikin dare ina rawar ɗari. Ta ce, "Maigida, don Allah mu je wurin masu abin. Ba zan iya kallonka haka ba." Na ce ni ba mahaukaci ba ne. Mu a nan da an ce likitan ƙwaƙwalwa sai mutum ya hango Barnawa ta Kaduna ko Dawanau ta Kano da masu sarƙa a ƙafa. Alhali ga sashen a nan cikin gari, a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, kuma waɗanda na tarar a benci mutane ne irina: wata malamar makaranta, wani ɗalibi da jakarsa, wani dattijo yana jan carbi.

Likitar da na gani mace ce, kuma ita ce mutum na farko da ya tambaye ni aikin da nake yi. Na ba ta labarin sifirin. Na ce, "Likita, ni maganin da nake so wanda ba zai taɓa min kai ba. In babu, gara in zauna da ciwona." Ta ba ni takarda mai tambayoyi tara, sunanta PHQ-9, ta nuna min ta bakwai da biro. Tambaya ce a kan wahalar tattara hankali wuri ɗaya.

"Malam, ka ga wannan? Tana cikin alamomin ciwon kansa. Kafin ka fara shan komai, ƙirgarka daidai take?"

Na yi shiru. Gaskiya tun kafin mai kemis na fara sake ƙirga rafa sau biyu, na manta ne kawai. Ashe hazon da ke kaina na wuri uku ne: na ciwon, na rashin barci, da na ƙwayoyi. Ni kuma na ɗora wa magani laifin duka.

Ta yi min bayani da Hausarta ta Jos, a hankali. Amitriptyline yana toshe sinadarin da maganin mura irin su Piriton ke toshewa, shi ya sa yake kawo barci, sannan yana toshe wani sinadarin da ƙwaƙwalwa ke amfani da shi wajen riƙe abu, wanda kuma shi ne dalilin bushewar baki. Su diazepam da bromazepam kuwa suna kwantar da fargaba nan take, amma suna dakushe tunawa, jiki yana sabawa da su, don haka ba a son a wuce mako biyu zuwa huɗu ana sha. Ni na yi wata biyar. Ta mayar da ni kan ɗan kaɗan na diazepam ɗin, aka riƙa ragewa sannu a hankali har aka cire, domin yanke shi lokaci guda yana iya jawo har farfaɗiya. Ta sa aka auna jinina da maƙoƙo, don ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo suna iya kama da wannan ciwo. Ta tambaye ni ko na taɓa yin kwanaki ba barci amma ina jin ƙarfi, ina surutu ina watsa kuɗi, na ce a'a. Ta ce da eh ne da maganin ya canja gaba ɗaya. Ta tambaya ko ina da tunanin kashe kaina, kai tsaye, ba ta sunkuyar da kai ba. Ban taɓa jin wani ya furta wannan a gabana ba.

Na zo da sunaye biyu da na gani a intanet. Bupropion, wanda ake cewa ba ya sa barci: ta ce gaskiya ne, amma yana iya tayar wa mai fargaba hankali, kuma ba a ba wa mai farfaɗiya. Mirtazapine: ta ce yana taimakon barci da cin abinci, sai dai magagin safe da ƙiba, abin da nake gudu ke nan. Ta zaɓar min sertraline, rabin ƙwaya, miligiram 25, na mako guda, sannan 50, da safe bayan na karya. Ta ja kunnena kan tiramadol, ta ce haɗa su yana da hatsari, kuma duk inda za a ba ni wani magani in faɗi abin da nake sha.

Makonni biyun farko ba daɗi. Tashin zuciya, ciwon kai, fargabar ma kamar ƙaruwa ta yi. Da ba ta gaya min haka zai faru ba, da wannan ma shara ya tafi. Abin da ya riƙe ni shi ne littafi. Ta ce in nemi wani abu daga aikina da zan riƙa auna kaina da shi, kada in dogara da "ina jin kamar". Sai na ware shafukan baya na littafin bashi. Kullum ƙarfe goma na safe in ɗauki rafar dubu-dubu in ƙirga ɗari, in rubuta sau nawa na ɓata na koma farko. In rubuta awa nawa na yi barci, shayi kofi nawa na sha, da ko na yi rafkanuwa a sallah. Makon farko ina komawa farko sau uku, wani lokaci huɗu. Mako na huɗu sau ɗaya. Ranar da na cika mako shida na ƙirga rafa uku a jere wani mai karas yana min gardamar caji, ban ɓata ba, sai bayan ya tafi na lura.

Littafin nan ya nuna min abin da ban so gani ba. Ranakun da na fi ɓata ƙirga su ne waɗanda na kwana a waya ko na sha shayi mai Nescafé bayan la'asar. Maganin bai canja ba a ranakun, ni ne na canja. Dole na bar goro, abin da ya fi min ciwo fiye da barin ƙwaya.

Akwai abin da har yanzu nake biya. Hamma takan kama ni wajen sha ɗaya na safe ko da na ƙoshi da barci. Akwai kuma harkar iyali, wadda ta yi sanyi a watannin farko. Na kai wata biyu ina jin nauyin faɗa wa mace wannan magana, ranar da na daure na faɗa sai ta ce sananne ne ga wannan rukunin magani, kuma da na ɓoye na daina sha a asirce da mun koma gidan jiya. Ta bar ni a 50 ba ta ƙara ba, tunda ina samun sauƙi, ta haɗa ni da mai ba da shawara wanda ya koya min yadda zan kama tunanin nan na "yau ma sai ka yi asara" tun kafin ya yi reshe. Wani abokina da ya ga na murmure ya ce in rubuta masa sunan maganin. Na ƙi, na raka shi ya yanki kati. Shi da aka gwada masa irin nawa zawo ya hana shi sakat, wani daban ne ya karɓe shi, kuma amitriptyline ɗin da ya rikita ni shi wata gwaggona ke sha lafiya lau.

Da azumin 2024 ya gabato na tambaya, ta ce in mayar da shi lokacin sahur, bayan na ci abinci. Sau ɗaya ake sha a yini, don haka bai taɓa min azumi ba. Na ce to tunda na warke sai in ajiye bayan sallah. Ta ce a'a, ƙa'ida aƙalla wata shida bayan mutum ya ji ya dawo daidai, sannan a sauko a hankali, ita da ni, ba ni da kwandon shara ba. Ta tuna labarin.

A rumfa yanzu duk kuɗin da ya haura 20,000 sai na juya wa mai shi injin ya karanta adadin da bakinsa kafin in danna. Alhajin dankali ya dawo da harkarsa wurina, kuma har yau in ya miƙo kuɗi sai ya ce, "Sifiri nawa yau?" Hajiyarmu kuwa ta tsaya a kan cewa tofin ne ya yi aiki, duk Juma'a tana aiko min da gora ɗaya. Ina shanyewa, da shi ma nake haɗiye ƙwayar ranar Asabar.