Alhamis, da shafina a littafin Auta

Hazo tun asuba, ko hasumiyar masallaci ba a hangowa daga ƙofar gida. Koko da ƙosan ɗari biyar. Ban ƙirga guda nawa aka ba Ummi ba, don kada raina ya ɓaci tun da sassafe. Makaranta lafiya lau, sai tarin da ya kama rabin 'yan ajina.

Bayan la'asar muka buɗe ajin unguwa na koyar da sarrafa kuɗi, mako na shida ke nan. Allah ya saka wa Liman da ya bar mana ɗakin Islamiyya, tunda Alhamis ba karatu. Yau mutum 23 suka zo, har da 'yan matan nan uku masu awara da suka ce ba za su dawo ba in ba a raba lemo. Sun dawo, ba a kuma raba ba. Sauran su ne dai na kullum: masu koyon ɗinki, yaran gareji, biyu da ke koyon gyaran waya a kasuwar Farm Centre, sai Auta a bencin baya da hularsa ta sanyi.

Dogo ne ya fara, da rigarsa ta banki bai ko je gida ya cire ba. Ya yi musu bayanin buɗe asusu, da NIN da BVN, ya ja kunne kan masu bugo waya su ce daga banki suke, a karanto musu lambar da ta shigo. Ya ce ko shi da yake aiki a can ya kira ka ya nemi lambar nan, kashe wayarka. Wani yaron gareji ya ce in banki ya rushe fa? Dogo ya ce akwai NDIC, hukumar inshorar kuɗin ajiya a bankuna, kuma tun 2024 an ɗaga inshorar ajiya a manyan bankuna daga dubu 500 zuwa miliyan 5. Aji ya kwashe da dariya, wai su da ke neman dubu biyar. Aka zo kan kuɗin ruwa, ya ce ai bankin Musulunci na Jaiz na nan tun 2012, wasu ma sun biyo baya, ba dole sai mai ruwa ba. Ɗaya daga cikin masu awara ta ba da labarin kakarta da ta fasa asusun ƙasa a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, ta fito da tsoffin takardun dubu-dubu aka yi ta yawo da su ba mai karɓa. Da aka dawo ana karɓa kuma, ta riga ta kai wa wani ya rage mata. Kowa a ɗakin yana da irin wannan labarin, da ƙyar Dogo ya ƙwace zancen. Wani ya tambayi batun mainin, wato neman kuɗin kirifto ta waya, Dogo ya ce ya fara lissafa kuɗin data da na cajin da ya kashe tukuna.

Sai nawa ɓangaren. Na zana layi huɗu a allo kamar yadda muka saba: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita, saura. Na sake nanata bambancin uwar kuɗi da riba, cewa mai awara da ta ci kuɗin waken gobe ta ci sana'arta ne. Wannan ya shiga, na gani a fuskokinsu. Daga nan na gangaro kan bashi, kuma a nan ne bakina ya yi daɗi har ya wuce gona da iri. Na kawo ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, na ce ku duba, a kan rubuta bashi ta sauka. Na ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma iri biyu ne: akwai na jari, akwai na ciki. Na jari yana iya biyan kansa. Wanda kuwa yake cin bashin abin da zai sa a bakinsa, ya koma ya duba lissafinsa, akwai ɓaraka. Har da buga alli a kan tebur.

Auta ya ɗaga hannu. Yaron da makonni shida bai taɓa cewa uffan ba.

"Malam, ina da tambaya."

"Ina jin ka."

"Idan mutum albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, kuma ba ya caca, ba ya shan komai, shinkafa da sabulu da sukari kawai yake karɓa, shi ma ɓarakar lissafi ce?"

Bai dube ni ba. Idonsa na kan benci, yana kankare wani abu da farce. Auta ɗan Alhaji mai shago ne, tun da idon Alhaji ya fara ba shi matsala shi ke riƙe da littafin bashin shagon. Kuma ina da shafi a littafin nan. Dubu 18 da ɗari huɗu, ranar Litinin da na leƙa. Shinkafa, sabulu, sukari. A jeren da ya faɗe su ma haka suke.

Ban san abin da na ce ba daidai. Wani abu dai kan cewa zamani ya canja, man fetur da bai kai ɗari biyu ba kafin a cire tallafi a Mayun 2023 ya haura ɗari biyar cikin kwanaki, komai ya bi shi, ko da aka mayar da mafi ƙarancin albashi dubu 70 a 2024 kasuwa ta riga ta yi gaba. Duk gaskiya ne, amma ni na ji muryata, irin ta mai kare kansa ce a gaban alƙali. Dogo ya lura, ya yi maza ya ce lokacin magariba ya gabato.

Abin da ke cina tun ɗazu shi ne ban gane nufin yaron ba. Tona ni ya yi, ko kare ni? In tonawa ce, ya iya, domin babu wanda ya gane sai ni da shi. In kuwa karewa ce, to ta fi ciwo: yaro ɗan shekara sha shida ya ji malaminsa yana yanke wa kansa hukunci, ya tashi ya nema masa sassauci. Ko kuma ba ni kaɗai yake nufi ba. Littafin nan mai kauri ne, rabin layinmu na ciki, har da waɗanda in na faɗa ba za ku yarda ba.

Da muna fitowa ya tsaya taya ni goge allo, abin da bai saba ba. Na ce masa tambayarsa ta yi kyau. Ya ce, "Malam, Baba ne ke cewa jarinsa yana cikin cikin maƙwabta." Ya ce in sun ba da taliya bashi yau, kafin a biya bayan wata ɗaya, wani lokacin kuɗin ba sa sayo katan ɗin a kasuwar Singa yadda aka saro shi da farko. Ba a ƙara wa mutum ko sisi, don haram ne, kuma ba a hana maƙwabci. Ya faɗi haka yana kaɗe duster a jikin bango. Ni makonni shida ina koyar da bashi daga wajen mai ci, ban taɓa tsayawa ta bayan kanta na duba ba. Wannan yaron kullum a can yake tsaye.

A gida na ba uwargida labari, ina jiran a tausaya mini. Dariya ta yi har tana riƙe ciki. "Baban Ummi, kai ma da ka zauna a bencin ka bar Auta ya riƙe allin." Na ce ba abin dariya ba ne. Ta ce kwasar adashinta saura mako biyu, in ina so ta ranta mini in wanke shafin, amma fa sai an rubuta, tunda ni na ce aya ce. Adashin da har yau ban san zubin nawa ne ba. Ban amsa ba.

Bayan isha'i ta ce sukari ya ƙare. Na so in aiki Ummi, na ga abin zai yi kama da gudu, na zura takalmi na tafi da kaina. Alhaji na kan tabarma da rediyonsa, muka gaisa, ya tambayi ajin, ya ce Auta na ƙaruwa sosai, Allah ya biya. Na ce amin, kunya kamar ƙasa ta tsage. Dubu biyu ce a aljihuna. Na miƙa wa Auta na ce a rage a tsohon bashin, sukarin kuma a auna rabin gwangwani.

"A rubuta, Malam?"

"Rubuta."

Ya jawo littafin ƙarƙashin fitilar caji ya buɗe shafina. Da can Alhaji a cakuɗe yake rubutu, suna da lamba kawai, wani a kan wani. Yanzu an ja layi da rula, tsaf, gida huɗu: kwanan wata, kaya, abin da aka biya, saura. Ya cire dubu biyu, ya ƙara kuɗin sukari, ya juyo da littafin wajena in duba ko daidai ne. Daidai ne.

Har yanzu ba a kawo wuta ba, waya saura kashi tara. Mako mai zuwa darasin adashi ne, ina tunanin in roƙi uwargida ta zo ta yi wa 'yan matan. Na san sai ta ja mini rai.